Zuma a Gidan Takaba

"Ummi, idan kika haihu wa za ki aura? Bappa Hamman ko mai zuƙar jinin nan na asibiti?"

Tsakar gidan ya yi tsit kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar niƙa.

Yusra, 'yar shekara biyar, ta tsaya tana kallon uwarta da idanu tar, hannunta na hagu a maƙale a jikinta kamar kullum. Ita dai amsa take jira.

Kakarta Dada Ruƙayyatu ta saki ludayin da take dama fura da shi. Hamman, da ke zaune kan galan ɗin zumar da ya kawo daga Kwadon, ya hau tarin ƙarya.

"Wa ya koya miki wannan zance?" in ji Dada.

"Ke mana, Dada. Ba jiya kika ce wa Bappa ya yi sauri kada kaɗon nan ya riga shi ba?"

Suwaibatu ta sunkuyar da kai tana gyara farin mayafinta. Dariya ta taso mata, ta danne. Ba ta dace da mace mai takaba ba.

Mijinta Sallau ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kwadon cikinta yana wata biyu. Wata huɗu da kwana goma sun riga sun wuce, amma mai ciki ba ta fita takaba sai ranar da ta sauka. Ranar nan kuwa ita kowa yake jira a gidan nan na unguwar Madaki, kowa da abin da ke ransa.

Dada, uwar marigayi, ta baro Kwadon ta tare a gidan don taya ta zama. Burinta ɗaya: Suwaibatu ta auri Hamman, ƙanin Sallau, 'ya'ya su tashi cikin danginsu. Neman aure haramun ne a cikin idda, don haka Hamman ba ya cewa komai. Zuma ce ke magana a madadinsa. Duk sati sai ya zo da ita, da dabino, da kindirmo, da katan na lemon kwalba, ya ce na ɗan yayansa ne da ke ciki.

Dada kuwa ta dama fura mai kauri, ta kwarara zuma, ta tsaya a kan Suwaibatu sai ta ga ƙasan ƙwarya.

"Sha, ba don ke ba. Maraya ne a cikin nan, ba za a ce mun bar shi ya fito kamar ɗan tsako ba."

Ciki kuwa ya yi ta tashi. A wata na bakwai mata suna tambayar ko tagwaye ne.

Yau ma Dada ta miƙo ƙwaryar.

Suwaibatu ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye gefe.

"Dada, ki yi haƙuri. Daga yau na daina sha."

"Kin daina me?"

"Zuma da dabino da lemo. Furar ma sai kaɗan, ba suga. Likita ce ta hana."

Abin da ya faru shi ne, ranar awo Sista Debby, ƙawarta tun suna makarantar sakandare, ta ɗora zaren awo a kan cikin, ta sake ɗorawa, sannan ta kalle ta.

"Suwai, wannan cikin ya wuce watanninsa. Yusra nawa ta yi da kika haife ta?"

"A gida na haihu, ba a auna ba. Amma kowa ya ce ƙatuwa ce."

"Gobe ki zo kafin ki sa komai a baki. Ko shayi kada ki sha, kin ji ko? Na san halin surukarki."

Washegari aka tura ta ɗakin gwajin jini. Tana ɗaga labule, ta tsaya cak.

Abdulgafar ne cikin farar riga.

Shi ne wanda ya fara neman ta tana kwalejin ilimi. Mahaifinta ya ce yaron ba shi da aibi, amma kaɗo ne, ba Bafulatani ba, mahaifinsa daga kudancin Gombe ya fito, ga kuma ɗan wansa Sallau yana so. Ta yi kuka iya kuka, daga baya da bakinta ta ce ta bi zaɓin Baba. Sallau ya riƙe ta da mutunci, ba ta taɓa raina shi ba. Shi kuma Abdulgafar har yau bai yi aure ba, kuma duk Madaki an san dalili.

Ranar bai ko kalli fuskarta ba.

"Allah ya jiƙan malam, ya ba ki haƙuri," in ji shi. Sai ya kira abokiyar aikinsa mace ta ɗebi jinin, shi ya koma wajen na'ura.

Aka ɗiba tana da azumi. Aka ba ta wani ruwa mai zaƙin tsiya ta shanye, aka sake ɗiba, aka kuma sake. Da sakamako ya fito likita ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla.

Suga ya hau a jininta, irin wanda ciki ke kawowa. Kitsen jinin ma ya ɗaga. Duk abin da ya yi yawa a jinin uwa, ɗa ne ke kwashewa ta cibiya, sai ya yi ta girma, musamman kafaɗu. Jini ba ya faɗin nauyin jariri daidai, in ji likitar, amma yana nuna inda aka dosa tun da sauran lokaci. In ta gyara ci, ana bin ta da awo, mai yiwuwa ta haihu da kanta a lokacinta. In ba haka ba, sai dai a tayar da naƙuda da wuri ko a yi aiki. Haihuwa a gida kuwa, ta cire ta daga ranta.

Wannan duka Suwaibatu ta faɗa wa Dada cikin ladabi, ba ta rage komai ba.

Dada ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Su suka dama miki suga kika sha, sannan suka soka allura suka ce sun ga suga? To da gishiri za su gani?"

"Dada, tun kafin in sha suka ɗiba, ya riga ya hau."

"Rufa min baki! Ni 'ya'ya bakwai na haifa a bayan ɗaki, ko tari ba wanda ya ji na yi. Girman ɗa arziki ne. Yaushe ƙiba ta zama cuta?"

Hamman ya miƙe a hankali, idanunsa sun kaɗa.

"Wa ya yi gwajin?"

Suwaibatu ta kau da kai.

"Na ce wa ya yi? Shi ne ko?" Ya juya ga uwarsa. "Dada, ba ki gane ba? Ranar da ɗan nan ya faɗo ƙasa, ranar idda ta ƙare. Ya gaji da jira ne. Ya rubuta ƙarya don a farke ta a ciro ɗan yayana bai nuna ba, shi kuma ya turo magabatansa!"

Dada ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Jikana za a yanko kamar ɗanyen mangwaro saboda kaɗo yana gaggawa?"

"Hamman, ka ji tsoron Allah," in ji Suwaibatu.

Amma ya riga ya hau babur.

Kafin azahar Debby ta kira ta a waya.

"Suwai, ƙanin mijinki ya zo lab, ɗakin gwajin nan, ya tara mana jama'a. A gaban marasa lafiya ya ce Abdul maƙaryaci ne, zai kai ƙara a kore shi. Wallahi da ni ce da na mare shi."

"Shi me ya ce?"

"Me zai ce? Ya tsaya kamar an dasa shi. Kin san wannan bawan Allah, ko sauro ya cije shi sai ya ba shi haƙuri."

Suwaibatu ta kashe wayar, ta jima zaune a bakin gado. Ɗan cikin ya harba ta da ƙarfi a ƙarƙashin haƙarƙari. Ta dafa wurin.

"Na ji ka," ta ce a hankali. "Ba wanda zai taɓa ka."

Bayan la'asar mahaifinta ya iso daga Gabukka. Dattijo ne mai kiwo da ya koma fataucin hatsi, ba ya son hayaniya, ba ya kuma yanke hukunci sai ya ji kowa. Shi ya aika aka kira Abdulgafar.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Dada ta zauna daga bakin ƙofar ciki. Suwaibatu tana bayan ƙyaure, inda ba a ganinta amma tana jin komai.

Hamman ya faɗi nasa, ya maimaita, har muryarsa ta dishe.

"Baba, ni ba don kaina ba. Yayana ya tafi ya bar mana amana. Idan aka yanka yarinyar nan wani abu ya faru, me zan ce masa gobe kiyama?"

Gaskiya yake faɗa ta wani gefen, Suwaibatu ta san haka. Hamman ne ya ɗauko gawar Sallau daga bakin titi da hannunsa. Har yau ba ya iya bin wajen sai ya kau da kai.

Baba ya juya. "Abdulgafar, ka ji abin da ake tuhumarka da shi."

"Na ji, Baba."

"Kana son 'yata har yanzu?"

Abdulgafar ya sunkuyar da kai.

"Baba, tana cikin idda. Bai halatta in amsa wannan tambaya ba."

"Ka amsa ke nan," in ji Dada daga inda take.

Abdulgafar ya numfasa.

"Ban canza ko ɗigo a sakamakon nan ba. Amma na fahimci muddin sunana yana kai, ba za ku yarda ba. In kuka ƙi yarda, za ta ci gaba da shan abin da take sha, ta yi naƙuda a gida, kan ɗa ya fito kafaɗa ta maƙale. Na ga irin wannan ana shigo da su a keke napep, Baba. Na ga waɗanda aka shigo da su a makare."

Ya share ido da bayan hannu.

"Don haka a kawo Alƙur'ani. Zan rantse a gabanku cewa har abada ba ni ba Suwaibatu, ko ta fita idda ko ba ta fita ba. In na fita daga maganar, ba sauran dalilin da zai sa in yi ƙarya. Ku dai ku bar ta ta bi maganar likita."

Hamman ya ɗago da sauri. Dada ta ce, "A kawo."

Hawaye suka zubo wa Suwaibatu masu zafi. Shekara shida da suka wuce ta yi shiru a bayan ƙyaure irin wannan, maza suka gama magana a kanta. Ta ji takun wata yarinyar gida za ta ɗauko Alƙur'anin, sai ta goge fuska da gefen mayafi.

"Kada ka rantse."



"Suwaibatu!" in ji Dada. "Takaba kike! Ina pulakunki na Fulani? Ina kunyarki?"

"Dada, kunyar na yi a haihuwar fari. Yau ki bar ni in yi magana." Ta ɗaga murya. "Yusra! Zo nan, uwata."

Baba ya ɗago kai. A gidansu mace ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta ja ta a jiki a gaban iyaye. Suwaibatu ta kama yarinyar, ta tura ta cikin zauren, ita tana daga bakin ƙofa fuskarta a rufe.

"Ɗaga wa Kaka hannunki na dama."

Yusra ta ɗaga har sama tana dariya.

"Ɗaga na hagu."

Hannun ya motsa kaɗan, ya tsaya daidai ƙirji. Yarinyar ta cije leɓe tana ƙoƙari, kafaɗar na rawa.

"Ya isa, uwata."

Ta rungume ta ta baya.

"Baba, kwana biyu na yi ina naƙudar yarinyar nan a ɗaki. Na cusa zani a baki don kada a ji. Kanta ya fito, sauran ya ƙi. Ungozoma ta ja, ta ja, har na ji wani abu a raina. Aka ce iska ce ta taɓa mata hannu. Muka yi hayaƙi, muka yi rubutu. Sai da na kai ta asibiti aka ce min jijiyar kafaɗa ce ta ji ciwo wajen ja, saboda ta yi girma. Ba wanda na zarga. Ba mu sani ba lokacin. Yanzu kuwa an gaya min tun da sauran wata biyu. In na sake yin shiru, wa zan ce ya cuce ni?"

Ta juya wajen Hamman.

"Hamman, kai kuma ka yi lissafinka da kyau. Likita cewa ta yi in na bar zaƙi, ɗa zai iya kaiwa lokacinsa in haihu da kaina. Wanda yake gaggawar a yi min aiki ai shiru zai yi, ya bar ka ka yi ta kawo zuma. Galan ɗinka ne ke kusanto da wuƙa, ba takardarsa ba."



"Malam Abdulgafar," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Na gode. Amma lafiyar ɗana ba abin musaya ba ce. Ba za a saye ta da rantsuwar kowa ba. Haƙƙinsa ne."

Sai ta juya ga mahaifinta.

"Baba, ga abin da nake roƙo. Hamman ya zaɓi duk wurin gwajin da ya ga dama a garin Gombe, inda ba su san kowa ba. Shi zai kai ni, Dada ta zauna kusa da ni. In sun ce jinina lafiya lau, zan shanye galan ɗin nan a gabanku. In sun faɗi abin da aka faɗa, to a asibiti zan haihu, kuma Hamman ya koma inda ya tara jama'a ya wanke wanda ya ɓata."

Baba ya daɗe yana kallon hannun jikarsa.

"A mayar da Alƙur'ani," in ji shi. "An yi haka."

Hamman bai yi wasa ba. Ya zaɓi wani wurin gwaji na kuɗi can ɗaya gefen gari, bai faɗi sunansa ba sai da suka hau keke napep. Dada ta kwana tana gadin kicin don kada a ce an ci wani abu, da safe ta zauna gwiwa da gwiwa da Suwaibatu tana bin kowace allura da ido. Da aka kawo ruwan zaƙin, ta ce sai ta ɗanɗana.

Ta yamutsa fuska. "Wannan ko shayin Hamman bai kai shi ba."

Mai gwajin, wata dattijuwa mai tabarau, ta yi dariya. Da ta fito da sakamako kuwa ba ta yi dariya ba.

"Wace ce uwarta a nan?"

"Ni ce," in ji Dada.

"Mama, me kuke ba ta?"

Dada ta dubi ƙasa.

Aka yi hoton ciki a nan take. Mai hoton ya juya musu allo, ya nuna kai, ya nuna ciki, ya ce yaron ya wuce watanninsa da nisa, a koma wa likita cikin satin nan. Dada ta ƙura wa allon ido. Namiji ne. Yana tsotsar yatsa, ɗaya hannun yana ɗaga shi sama yana saukewa.

"Hannun nan..." in ji Dada, sai maganar ta tsaya.

Suka dawo gida. Dada ta ɗauki galan ɗin zuma da kanta, ta kai wa maƙwabta. Da yamma Suwaibatu ta tarar da ita a kicin tana gyaran zogale da wake, tana mita.

"Ganye kamar akuya. To Allah ya sa jikana ya yafe mana."

Hamman ya cika alkawari. Debby ta ce ya je lab ya tsaya a tsakiya, hula a hannu, ya ce shi ya yi kuskure, da murya kamar ana zare masa haƙori. Daga can ya biyo gidan, ya tsaya a bakin zaure bai shigo ba.

"Na yi abin da kika ce. Amma ki sani, ban janye ba. Kuma 'ya'yan yayana ba za su tashi a gidan wani ba."

"Allah ya kai mu, Hamman. Baba ya ce ranar da na sauka bakina ne zai faɗa. 'Ya'yana kuwa, duk wanda ya ga abin da na yi a zaure ya san inda za su tashi."

Ya tsaya kamar zai ƙara, sai ya tayar da babur.

Yusra ta jawo gefen zaninta.

"Ummi, har yanzu ba ki gaya min ba. Wa za ki aura?"

Suwaibatu ta durƙusa da ƙyar, ta kama ɗan hannun na hagu ta sumbace shi, a tsakar gida, Dada na kallo.

"Bari ƙaninki ya fito ya ɗaga miki hannuwansa biyu. Ranar ki sake tambaya ta, da ƙarfi, a gaban kowa."

Ke kuma 'yar'uwa da ke riƙe da littafin nan, in kina da ciki ko kina da mai shi a gida, ki saurare ni. Kada ki bari a yabi girman cikinki har ki manta da awo. Ki je a ɗebi jinin tun da wuri, ki tambaya, ki sake tambaya har sai kin gane. Masu dama miki fura don ƙauna suke yi, amma ranar da kafaɗa ta maƙale, ba ɗayansu da zai iya shiga ya fito miki da ɗanki.